Kada Ku Bar Mana Tabita

Mainika, ranar Litinin da hantsi.

Zuwa gare ku 'ya'yana biyu, kai Babba da matarka Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kun tashi lafiya, ku da amaryata Tabita. Yaya gajiyar ɗaure kaya? Yaya zirga-zirgar sallama da mutane? Mu nan lafiya lau muke, ni da innarka, sai godiyar Allah. Ina roƙon Ubangiji ya kiyaye tafiyarku ta ranar Alhamis, ya miƙe muku hanya tun daga tashar Gwarzo har Lakwaja, ya sauke ku a hannun mutanen kirki, ya sa albarka a sabon aikin da ka samu.

Na san za ku yi dariya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da naku, ga shi ina aiko muku da wasiƙa kamar wanda ke bayan teku. To, akwai maganar da bakina ya kasa shekara talatin da biyu, shi ne na ce bari in ga ko biro zai iya. Rubutun mutumin da ya shiga aji da furfura ne, in kun ga wani harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku. Kuma Babba, ka lura ban rubuta sunanka a sama ba. Ka yi haƙuri, zan zo wurin.

Kafin komai bari in faɗi farin cikina, don ya cika mini ciki. Ban san tsufa yana da daɗi haka ba sai da Tabita ta fara tafiya. Kullum da safe ina cikin ba awaki dusa sai in ji taf-taf-taf a bayana, ga ta nan ta kutso ta ƙofar tsakani, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Shekaranjiya ta cire mini hula ta tsoma a kaskon ruwan kaji, ta ɗauko ta mayar mini a ka, sannan ta ja baya tana kallona kamar telan da ya gama ɗinki. Haka na zauna ruwa yana bin wuyana. Innarka ta ce, "Dattijon coci guda, dubi yadda yarinya ta mayar da kai." Na ce, "Ke dai baƙin ciki kike, don ba a taɓa wanke miki ɗankwali kyauta ba." A sujada kuwa, in an ɗauki waƙa ita ce ke rufe baki a ƙarshe. Kowa ya gama, ita tana nan tana jan tata, har fasto ya tsaya ya jira ta. Ni kuma sai in yi ta waiwaye, in ga ko kowa ya san jikar wa ce.

A kanta nake rubuta wannan takarda.

Kun tuna Lahadi waccan, ba ta jiya ba, da muka dawo daga coci muka zauna a gindin mangwaro. Gwaggonka Lami, yayata, ta ɗora Tabita a cinya ta ce, "To Babba, tunda an yaye ta, sai ku tafi ku bar mana ita. 'Yar fari ta kakanni ce. Haka aka yi mini, haka aka yi maka. In kun kai ta can inda ba a jin Hausa, wa za ta sani? So kuke ta dawo tana gaishe mu a tsaye?"

Kowa ya yi dariya. Kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce, "To Gwaggo, duk yadda kuka ce."

Sai Rifkatu ta miƙe ta ce bari ta duba tukunya kada ta kama. 'Yata, na san ba a hura wuta a gidanku ba ranar nan, don a wurinmu kuka ci.

Ba zan ɓoye muku ba, ni a lokacin daɗi ne ya kashe ni. Washegari da sassafe na je wurin kafinta na ce ya yi mini 'yar kujera mai tsawon taƙi ɗaya. Na shiga garke na ware jar akuyar nan mai farin goshi na ce ta Tabita ce. Na tare maƙwabcinmu Malam Idi a hanya ina ce masa, "Amarya ta tare, Malam, ba inda za ta." Kwana biyu bakina ya ƙi rufuwa.

Ranar Laraba da yamma muna ɓarar gyaɗa ni da innarka, sai ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da wata 'yar tagiya da ba ta fi tafin hannuna ba, duk ta koɗe, ta ajiye a kan tarin gyaɗar.

Ta ce, "Ka san wannan?"

Na ce, "Ta Tabita ce?"

Ta ce, "Ta ubanta ce. Ita kaɗai na taho da ita daga Dugabau. Ka kalli fuskar matar Babba ran Lahadi? Ni na kalla. Tawa ce na gani."

Ta ci gaba da ɓararta. Ni kuwa gyaɗar da ke hannuna ta ƙi ɓaruwa.

Babba, ka san ka tashi a Dugabau a hannun kakanka, Baba Nomau. Amma ba ka san yadda aka yi ba, don ban taɓa gaya maka ba. Lokacin da na karɓi bangaskiya, dangin innarka suka ba mu gona a nan Mainika kusa da coci, na yanke shawarar barin gandun gidanmu. Na je na durƙusa na gaya wa Baba. Ya ci gaba da gyara ƙotar fartanyarsa. Can ya ce, "Ka bar hanyata, yanzu kuma za ka bar gonata. Wa ka bar mini?" Kana nan kusa da shi kana wasa da ƙasa, kwananka biyar da yaye. Ya dube ka ya ce, "Bar mini wannan."

Na ce to. Ko numfashi ban ja ba na ce to. Na gaya wa mutane al'ada ce, kuma gaskiya ne al'ada ce. Amma yau zan faɗa maka abin da ke ƙasan al'adar: kunyar tafiyata nake ji, sai na ajiye ka a madadina don in tafi da sauƙin zuciya. Innarka tana bakin turmi, a bakin matan gida ta ji. Ranar da muka taso, kaya a kan jaki, tun daga Dugabau take waiwaye har rumbunan gidan suka ɓace. Gaban rigarta ya jiƙe da nono. Na gani, na kawar da kai, na ce ta yi sauri rana tana yi.

Ba laifin Baba nake gani ba. Ya riƙe ka da kyau, shi ya koya maka gaskiya da tashin asuba, Allah ne zai saka masa. Laifin nawa ne. Shi ya sa da na ji ka ce "duk yadda kuka ce", daga baya na gane muryar wa na ji. Kana jin nauyin barinmu da tsufa, kana so ka ajiye mana Tabita a gurbinka. Ɗana, ba mu bin ka komai. Tafiya neman abinci ba laifi ba ce da za a ajiye yarinya a bakinta. Kuma daga yau, duk maganar da ta shafi gidanka, ko wa ya kawo ta, ko ni ne, ka ce, "To, bari mu yi shawara." Ka koma ɗaki ka tambayi matarka. Ba rashin kunya ba ne. A gaban Allah da jama'a ka ɗauki alkawarin zama ɗaya da ita, ba da gwaggonka ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ban dariya, amma ya fi shi ciwo. Kana da shekara biyar na je Dugabau gaisuwa, na sayi rake dogo a kasuwar Gwarzo, dominka kaɗai na saya. Duk hanya ina saɓe da shi ina tunanin yadda za ka yi murna. Da na shiga gida yara suka kewaye ni. To, ka san yadda muke: mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya nuna ya san da shi. Sai na fara yanka ina miƙa wa 'ya'yan 'yan'uwa, wannan gaɓa biyu, wancan gaɓa biyu, don kada a ce na fifita nawa. Kafin in zo kanka sai ƙarshen saman ya rage, wurin ganyen nan da ba zaƙi. Na miƙa maka ina kallon wani wuri. Ka karɓa, ka tsotsa, ka tofar, ka koma bayan kakarka ka ce, "Iya, wane ne wannan baƙon?"

Gidan ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, har da tafawa. A hanyar dawowa na zauna a gindin wata ɗorawa, ban tashi ba sai da inuwa ta juya.

Shawarata a nan gajeriya ce. Ka ɗauki 'yarka. Ka ɗauke ta a tasha, ka ɗauke ta a coci, ka ɗora ta a wuya ka shiga kasuwa da ita. Na lura in na shigo gidanku tana hannunka sai ka yi maza ka sauke ta, kamar an kama ka da kayan wani. A wurina ka koyi wannan, kuma ni nake ce maka ka bari. In ka sayo rake, gindin nata ne.

Rifkatu 'yata, bari in juyo gare ki, ko da yake na san kina karantawa kina rufe fuska da gyale. Tun da kika shigo gidan nan ban taɓa jin muryarki ta haura katanga ba. Na gode. Amma ki sani, mijinki ɗana ne, kuma akwai halin da ya gada. Mu ba mu iya faɗa ba, shiru muka iya. Farkon zuwanmu Mainika, innarku ta yi mini miyar kuka, na ɗanɗana na ce, "Ta Iya ta fi wannan kauri." Washegari na sake faɗa. Rana ta uku sai ta kawo tuwo ba miya, ta ajiye mini kwano wanke tas a gefe. Na ce, "Ina miyar?" Ta ce, "Tana Dugabau. In ka kama hanya yanzu, kafin azahar ka dawo da ita da zafinta."

Maimakon in yi dariya sai na ɗauki gaba. Kwana goma sha ɗaya ban yi mata magana ba. Ina so in ce a miƙo mini ruwa, sai in gaya wa bango. Ranar Lahadi muka jeru a coci, ni a gefen maza ita a gefen mata, muna waƙa ɗaya da baki ɗaya, a dawo gida kowa ya kama gabansa. Abin da ya raba mu, wata tsohuwa ce daga zumuntar mata ta zo ta zaunar da mu, ta ce, "Ku biyu kuka baro gida, ba ku da kowa a gidan nan sai juna, shi ne kuke gaba? To in ɗayanku ya faɗi a gona, bango zai kira?"

A Lakwaja haka za ku kasance. Babu innarku ta bayan katanga, babu Gwaggo Lami da za ta shigo da sandarta. Saboda haka Babba, kada ka auna girkin matarka da na innarka, ko da wasa. Ke kuma Rifkatu, in ya ɗauki shirun nan namu, kada ki taya shi. Ki ajiye masa kwano ba miya, ki ga ko ba zai yi magana ba. Abin da ya gyara mu ni da innarku ba wani babban abu ba ne: mun sa wa kanmu doka, ba mai fita gona sai mun yi addu'ar safe tare, kowa ya ambaci ɗan'uwansa a gaban Allah. Da wuya ka roƙa wa mutum albarka da bakinka sannan ka fita kana hararar sa. Mun gwada, ba ya yiwuwa. Kuma da kun sauka ku nemi coci, ku nemi wasu dattawa mata da miji da za ku riƙa kai wa gaisuwa, tun kafin ranar da za ku buƙace su.

Ku riƙe maƙwabta kuma, ko wane addini suke yi. Shekara nawa muke da Malam Idi, shinkafar Kirsimeti tana haura katanga ta can, naman layya yana haurowa ta nan. Ranar da innarku ta kwanta ciwo ina gona, matarsa ce ta fara shigowa. Duk wanda kuka tarar a gefenku a can, ku riga shi gaisuwa.

Malam Idin nan shi ya ja ni ajin yamma, kuma wannan ya kawo ni kuskure na uku. Bayan rasuwar Baba ka dawo hannunmu kana da shekara goma sha ɗaya. Ƙarshen zangon farko ka kawo mini takardar sakamako, ka durƙusa ka miƙo da hannu biyu. Ban iya karatu ba, kuma girman kai ya hana ni in ce ka karanta mini. Na jujjuya ta, na ce, "To. Je ka ba awaki ruwa." Na ga ka ɗan tsaya kamar kana jiran wani abu. Sannan ka tafi.

Sai da ka tafi makaranta Kano na shiga aji. Bayan la'asar muke zuwa firamare, mu zauna a bencin yara, gwiwa tana taɓa haɓa. Malam Idi ya san karatunsa na allo tun yana ƙarami, boko ne ya rage masa. Ni kuwa ko riƙon fensir sai da aka koya mini, na riƙe shi kamar zan yi shuka. Da muka fara haɗa baƙaƙe, malaminmu ya ce kowa ya rubuta sunan wani na gidansa a allo. Na fita na rubuta naka. Ban bar harafi ko ɗaya ba. Malamin ya ce, "Madalla Baba Haruna. To karanta mana."

Na buɗe baki, na rufe. Na sake buɗewa.

"Baba, kai fa ka rubuta."

Aji ya fara ƙus-ƙus. Sai Malam Idi ya ɗaga hannu daga baya ya ce, "Malam, a yi masa uzuri, ɗan fari ne. Ni ma da nawa na rubuta, da nan za mu kwana." Aka fashe da dariya, malamin ya ce in koma in zauna.

Ranar da na ga karatu ya zauna mini, na ce innarka ta buɗe adakarta ta ba ni takardar nan, don na san ba ta yar da komai naka. Na zauna a zaure na bi ta da yatsa. Na ɗaya. Kai ka zo na ɗaya, yaron da ya zo daga ƙauye a tsakiyar shekara. A ƙasa malaminku ya rubuta a gaya wa mahaifinsa ya yi ƙoƙari. An gaya mini, sai dai saƙon ya yi shekara tara a hanya. Na so in faɗa maka da ka zo hutu, sai na ji bakina yana tambayarka ko an yi ruwa a Kano.

To ga shi yau: ka yi ƙoƙari. Tun ranar ka yi ƙoƙari. Kuma duk abin da Tabita ta kawo maka, ko zanen kaza ne mai ƙafa biyar, ka ajiye abin da kake yi ka duba, ka yaba mata a ranar, da bakinka, tana ji.

Yanzu maganar Gwaggo Lami. Kada ku damu da ita, na riga na je. Ranar Juma'a na same ta tana tsinke zogale, na zauna na ce, "Yaya, yarinyar nan za ta bi iyayenta."

Ta ajiye tire ta ce, "Haruna, bokon tsufa ne ya taɓa maka kai? Wa ya ce a koya wa tsoho ABCD, ga irinta nan. Gidan za ka bari ya mutu? Yau sun tafi da ita, gobe ka ce mata Dugabau ta ce wane irin abinci ne."

Na ce, "Yaya, in tambaye ki. Ke da aka ba wa kaka, me kike kiran Iya?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ki dai faɗa."

Ta ɗauki tiren ta ci gaba da tsinka, har da waɗanda ta riga ta tsinke. Can ta ce, "Da sunanta nake kiranta. Har ta rasu." Sai ta share ido da bakin zane ta ce zogalen ne ya shiga mata, ko da yake ban taɓa jin zogale ya sa hawaye ba. Ta nuna ni da yatsa ta ce, "To ka gaya musu, duk Kirsimeti a kawo mini ita. In ba haka ba in hau mota in je har can, in zauna musu wata uku, kuma ba na cin sakwara."

Saboda haka kun ji sharaɗi, kuma ina bayanta. Tsoron da take ji gaskiya ne, ni ma ina jin sa. Na san yadda nesa take cin zumunci, don ni ma ta ci nawa. Bayan na baro Dugabau na riƙa ganin kaina kamar na fi su, in an yi gayya ba na zuwa, in an yi rasuwa sai in aika. Na ɗauka tunda na bar musu ɗa, na gama nawa. Ashe barin yaro ba ya riƙe zumunci, ƙafa ce take riƙe shi. Sai da Baba ya kwanta ciwon ajali na fara zuwa duk mako, kuma a nan na gane mutumin da na yi shekaru ina gudu ba abin da yake so illa in zauna kusa da shi in ba shi labarin damina.

Ku kada ku yi haka. Ku yi wa Tabita Hausa a cikin gida, turanci zai same ta a waje ko ba ku nema ba. Ku koya mata ta durƙusa ta gaida manya. Ku gaya mata sunan kakanninta har Baba Nomau, ku gaya mata akwai wani gari Dugabau a ƙasar Kabo inda ubanta ya koyi kiwo. Ranar Lahadi bayan sujada ku kira waya, ku ba ta ta yi mini shirmenta, zan ajiye komai in saurara. Innarku ta ɗaure muku daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya, ta kuma sa irin yakuwa a ƙullin leda. Ko a tsohon bokiti ne ku shuka, yarinya ta ga abin da ake ci a gidansu yana tsirowa. In kaka ta yi ka samu hutu, ka zo ka kama mini yankan dawa ko na kwana biyu ne, ba don na rasa masu yi ba.

Kujerar da na sa aka yi ta iso jiya. Ku tafi da ita, ba ta da nauyi, a ɗaure ta a saman kaya. Akuyar kuwa tana nan a sunanta, duk abin da ta haifa nata ne, ta zo da Kirsimeti ta ƙirga kayanta. Kada ku ji tausayina. Zan yi kewar taf-taf ɗin nan na safe, ba ƙarya, hulata ma za ta yi kewar wanki. Amma ina so ku sani da farin ciki nake sallamarku. Allah ya ba ni abin da ban taɓa zato ba: ya maimaita mini ranar nan ta Dugabau, ya sa ni a wurin Baba, don in ba da amsar da ta dace. Mutum nawa ake ba wa wannan? Kada ku bar mana Tabita. Ku tafi da 'yarku.

Saura abu ɗaya. Kwana huɗu ke nan ina zuwa gona ina gwaji. In na tabbata ba kowa, sai in tsaya a tsakiyar dawa in faɗa da ƙarfi. Ranar farko na kasa. Jiya kuwa har Malam Idi ya jiyo daga gonarsa, ya leƙo ya ce, "Haruna, lafiya? Wa kake kira?" Na ce, "Ɗana." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. In ka yi ba ka mutu ba, ka gaya mini, ni ma in gwada."

Ranar Alhamis zan raka ku tasha. In kun shiga mota, direba ya tayar, za ka ji an kira ka ta taga a gaban kowa. Kada ka duba wani wuri, ni ne. Ka amsa mini da ƙarfi, don kunnena ya fara nauyi.

Ubangiji ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na dare da na rana. Ya sa salama a ɗakinku, ya sa dariya ta fi shiru yawa a cikinsa. Ya raya Tabita a hannunku, ya ba ta ƙanne. Ya albarkace ki Rifkatu, 'yata. Innarku tana gaishe ku, ta ce a sa wa yarinya tagiyar nan a jaka, ta gaji ubanta.

Kai kuma, Allah ya yi maka albarka, Yohanna.

Yohanna, ɗana na fari.

Ni ne babanka,
Haruna